Shawarwari kan auna motsin gadoji da gine-gine

Abin da masu safiyo suka fi nanatawa shi ne wurin kafa turakun awo, wato alamomin da ake kwatanta motsin gini da su: a sa su a ƙasa mai ƙarfi, nesa da ginin, domin in turke ya nutse tare da gini, awon ya tashi a banza. Zafi ma yana ruɗarwa. Ƙarfe mai tsawon mita 100 kan miƙe da kusan milimita 1.2 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri guda a ma'aunin Celsius, shi ya sa aka ce a riƙa awo a lokaci iri ɗaya na rana, musamman da sassafe. GPS ya dace da dogayen gadoji, amma wajen gano nutsewar tushe, na'urar lebur, mai auna bambancin tsayi tsakanin wurare, ta fi shi daidaito. Wasu sun ƙara da cewa tun kafin a fara awon, a tsayar da iyakar motsin da in an kai ta za a kira injiniya.