"Transformation": me za mu rubuta a kyallen taron matasa?

Sakataren matasa: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Kan maganar taronmu na bana an ɗauko shi daga Romawa 12:2, kuma kwamiti ya rubuta shi da Turanci, kalma ɗaya tak: "transformation". To amma sujadarmu da Hausa ake yin ta, rabin iyayenmu mata ba sa karanta Turanci, ga maƙwabta da za su riƙa wucewa ta ƙofar majami'a suna ganin kyallen. Mai buga mana shi a nan Sabon Gari ya ce in kai masa rubutu zuwa jibi. Ni dai "canji" na rubuta, sai raina bai kwanta ba. A taimake ni.

Dattijon ikilisiya: Ɗana, gara da ranka bai kwanta ba. A Kano in ka ce canji, mutum Wapa zai tuna, ko ragowar kuɗin da ɗan sahu ya riƙe masa, ko kuma ihun siyasar 2015. Goge shi.

Sakataren matasa: Na goge, Baba. Sauyi fa?

Dattijon ikilisiya: Sauyi ba shi da alƙibla. Yaron kirki ya shiga banza, shi ma ai cewa ake ya sauya. Me ya hana ka ce tuba?

Mai bishara: Baba, da izininka, tuba tana da wurinta daban. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, tuba ita ce metanoya, wato mutum ya juyo. Kalmar da manzo Bulus, marubucin wasiƙar Romawa, ya sa a wannan aya kuwa daga metamorfo take, kuma sau 4 kacal ta fito: Matiyu 17:2 da Markus 9:2, inda kamannin Yesu ya sāke a kan dutse gaban Bitrus da Yakubu da Yahaya, sai Romawa 12:2, sai 2 Korintiyawa 3:18. Mutanen da Bulus yake rubuta wa a Roma sun riga sun tuba, sun sami maya haihuwa, wato sabuwar haihuwa ta ruhu. Abin da yake nema gare su shi ne aikin da ke biyo baya, wanda ke cin shekaru. Tsarkakewa ma kada mu taɓa ta, tana da nata aikin a koyarwarmu.

Wata 'yar mawaƙa: To a ce rikiɗa mana. Ai ita ce daidai da sāke kama.

Mai bishara: Ƙanwata, wa ke rikiɗa a bakin Bahaushe? Hawainiya, da maye, da mutumin tatsuniya da ke zama kura da dare. Rikiɗa canza fata ce, na ciki yana nan yadda yake, kuma ana yin ta ne don a ɓatar da mai kallo. Abin sha'awa, Bulus yana da wata kalma daban don irin wannan, ita ya yi amfani da ita a 2 Korintiyawa 11:14 inda ya ce Shaiɗan yakan mai da kansa kamar mala'ikan haske. Wannan ita ce rikiɗa. In muka rataya ta a ƙofar majami'a mun zagi kanmu.

Sakataren matasa: Wani ya turo mini a gefe wai gyaran hali.

Dattijon ikilisiya: Tun 2019 gwamnati ta ƙwace wannan. Ka rubuta "Taron Gyaran Hali", mai wucewa ya zaci reshen gidan yarin Kurmawa muka buɗe. Juyin juya hali kuma na masu kifar da gwamnati ne, kada ma wani ya kawo shi.

Amma kalmar hali ɗin nan ku riƙe ta. Littafinmu da muke karantawa, fassarar 1979, a wannan aya maganar hali ya sāke take yi. Kuma ni a ganina nan ne gardamar take. Mu Hausawa cewa muke hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa. Da wannan aka raine mu. In mutum mai zafin rai ne sai a ce haka Allah ya yi shi, a yi haƙuri da shi har kabari. Bishara kuwa ta zo ta ce wa karin maganar nan a'a. Ezekiyel 36:26 bai ce za a kankare zanen ba, cewa ya yi za a cire zuciyar dutsen ɗungum a sa ta nama. Duk kalmar da za ku zaɓa, in ba ta taɓa hali ba, ba ta taɓa inda ke mana ciwo ba.

Sakataren matasa: Ke nan "sakewar hali", Baba?

Ɗalibar Hausa: Yaya, karanta abin da ka rubuta da idon wanda bai san zancen ba. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Sakewa a takarda tana iya zama ta "saki jikinka, ka sake". Sai a karanta cewa muna kiran matasa su zo halinsu ya yi sako-sako.

Uwar zumunta: 'Ya'yana, ni ban yi karatun Helenanci ba, amma na sha kai zane marinar Ƙofar Mata. Marini ba ya tsoma zane sau ɗaya ya ce an gama. Yakan tsoma, ya ɗaga ya sha iska, ya sāke tsomawa, haka haka har launi ya kama. Da farko ma in ya fito daga ruwan baba kore-kore yake, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Mai gaggawa nasa ba ya daɗewa yake koɗewa. Kuma zane bai taɓa rina kansa ba, nasa dai ya yarda a tsoma shi. Ni shekara da shekaru ina roƙon Ubangiji a kan bakina, don a dā in na buɗe shi a gidanmu kowa sai ya nemi wurin ɓuya. Ban san ranar da abin ya ragu ba. Surukata ce ta fara lura, ba ni ba. In da ni ce, rinuwa zan ce.

Wata 'yar mawaƙa: Mama, samarinmu za su ce taron rina gashi ne.

Ɗalibar Hausa: Ku bar dariya, Mama ta ba mu amsa. Ba rinin ba, ƙirar kalmar. Ku duba: an dafa abinci, abinci ya dafu. An gyara mota, mota ta gyaru. An rina zane, zane ya rinu. A nahawu wannan shi ne aji na 7 a rabon aikatau da Parsons, wani Bature masanin harshen Hausa, ya yi a 1960. Yana nuna abu biyu a lokaci guda: wani ne ya yi aikin, kuma aikin ya kama har ciki. To mu ɗauki sabunta. Sabuntawa ita ce abin da kake yi wa lasisi ko fasfo, kai ke yi da hannunka. Sabuntuwa kuwa a kanka take faruwa. Ina ba da shawarar "sabuntuwar hali".

Mai bishara: Wannan ya yi daidai da Helenancin, don Bulus bai ce ku sāke kanku ba, sigar da ya yi amfani da ita ta wanda ake yi wa aiki ce, ga ta kuma umarni. Ruhu Mai Tsarki ne mai aikin, kai kuma an umarce ka kada ka fizge. Damuwata ɗaya: a cikin ayar akwai sabunta hankali, kalma ce daban da wadda muke nema. Kada yara su haɗa su su zama abu guda.

Dattijon ikilisiya: Malam, ba Littafi muke sāke fassarawa ba, kan magana muke nema. Bambancin kai za ka warware shi a wa'azi: hankali ake sabuntawa, hali ya sabuntu. Ni ta zauna mini. Ta ɗan yi nauyi a baki, amma tsarkakewa ma ai ba da ita aka haife mu ba, sabawa muka yi.

Uwar zumunta: Na yarda, amma ranar taron a bar ni in ba da misalin marina.

Sakataren matasa: An ba ki, Mama. Abin da zan kai ke nan: SABUNTUWAR HALI, a ƙasa Romawa 12:2.

Ɗalibar Hausa: Yaya, ka tsaya a kansa har ya buga. Na san masu kwamfutar nan, zai ga "u" ya ɗauka kuskure ne ya mai da ita "a".