Ranar da aka fara karanta shafinka a gabanka

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa masu zane. Kowa ya ba mu labarin ranar da ya fara miƙa wa wani shafin labarin zanensa, ya tsaya yana kallo ana karantawa. Bari in buɗe. Gida shida, wato akwatunan zane shida, na yi a takardar A4, labarin wani mai awaki da aka yi wa wayo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Na kai wa Baffana a zaure. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a gidan sama na dama, ya gangara hagu, yadda ya saba da allo da ajami. Sai ga mutumina yana kuka tun kafin a cuce shi. Baffa ya ɗago ya ce, "Kai, wannan mutumin duba yake yi ne?" Daga baya na ga ashe manga, wato labarin zane na Japan, ma daga dama ake fara ta. Yanzu ƙaramar kibiya nake sawa a gidan farko, in kuma juya fuskokin mutanena inda nake so ido ya bi.

'Yar Kazaure:
Wa alaikumus salam. Ni gaisuwa ce ta kashe ni. Na ɓata kwana biyu ina zana surukai biyu a tsakar gida, har zanen atamfa sai da na fitar. Da na zo sa magana, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta maganar a ciki, ta cinye kan tsohuwar ɗungurungum. Yayata ta duba ta ce ita dai ɗankwali ta gani yana magana. Tun daga nan maganar nake fara rubutawa, in zagaye ta, sannan in zana mutane a abin da ya rage.

Malamin firamare daga Rano:
Ƙanwata, ki bar gaisuwar a gida guda, "sannu da zuwa" kawai da durƙuso, Bahaushe zai ƙarasa sauran a ransa. Wannan shi ne abin da Scott McCloud, ɗan Amurka, ya zauna a kai a littafinsa Understanding Comics na 1993: farin filin nan da ke tsakanin gida da gida, nan mai karatu yake nasa aikin. Ban yarda ba sai da na gwada da 'yan aji biyar. A allon aji na zana yaro a kan bishiyar mangwaro, gida na biyu kuma ga shi a gaban mai ɗori, hannu a naɗe da karare. Ba wanda ya tambaye ni me ya faru. Mafi yawa suka ce faɗowa ya yi, wani ya rantse mai lambun ne ya jefe shi, har musu ya kaure. Washegari na cusa gidan faɗowar a tsakiya, na nuna wa ɗaya ajin. Suka kalla, suka yi shiru, shi ke nan.

Ɗan Wudil:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ni nawa abin kunya ne. Da tawadar allo na yi, ta gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara, don baƙinta ya burge ni. Na manta an yi ta ne don a wanke. Abokina ya riƙe shafin da hannu mai gumi, babban yatsansa ya tafi da fuskar jarumina. Na koma zane a waya, can kuma salon rubutun da na zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai ɓarawo ya fito da ɗan akwati a gaba.

'Yar Kazaure:
Ka rubuta k, d da b ɗin, sai ka ƙara lanƙwasar da yatsa. Haka nake yi.

Ɗan Ringim:
Malam, shafin mangwaron nan ka ɗauko mana hotonsa. Zan kai wa Baffa in ga ta wane gida zai fara.