Mece ce Hausar "col"? Neman kalma don hotunan ƴan tseren keke

1/ Ƴan uwa, ina neman taimakon masu Hausa. Duk watan Yuli, lokacin tseren keken Faransa, wato Tour de France, hotuna sukan cika mana salula: mutum ya jingine kekensa jikin wani allo can saman duwatsu, an rubuta Col du Tourmalet, mita 2,115. Mu nan Maradi sai mu tura wa juna, mu rubuta "col" yadda muka gan ta, don Faransancin lakwal ya riga ya zauna mana a baki. Amma tura wa ɗan uwanka na Jibiya ko Katsina, zai tambaye ka mene ne kol. Me za mu ce masa?

2/ Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Col shi ne wurin da bayan dutsi ya ɗan sauko tsakanin ƙololuwa biyu, inda hanya ke samun damar tsallakawa daga wannan kwari zuwa wancan. Ga mai keke nan ne ƙarshen hawa, daga nan sai gangara. Ga dutsin kuwa, nan ne inda ya fi ƙasa. Dubi Tourmalet ɗin: ka taso daga garin Luz-Saint-Sauveur, ka yi kilomita 19 kana hawa, kowane mita 100 hanya ta ɗaga sama da mita 7, ka iso allon numfashi na neman ƙare maka. Ka ɗaga kai, ga Pic du Midi de Bigorre a samanka, mita 2,877. Ya ba ka fiye da mita 700. Tun 1910 ake bi da tseren ta nan, shekarar da Octave Lapize ya riga kowa tsallakawa, lokacin ko kwalta babu.

3/ Saboda haka masu cewa "ƙololuwa" ko "ƙoli", ku yi haƙuri, ba ta shiga ba. Ku ajiye wa Mont Ventoux ita, inda hanya ke hawa har kan dutsin kansa.

4/ "Tudu" ma haka. Tudu mun san shi: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 kan tudu aka maido garin nan daga kwari, kuma mai keken da ya taso daga bakin gulbi da buhun kayan miya yana jin sa a cinya. To amma tudu ba shi da ɗan uwa a hagu da dama da suka fi shi tsawo. "Hawa" kuwa sunan aikin ne da hanyar da ake yin sa. Alpe d'Huez hawa ne, kusan kilomita 14 da kwanar hanya har guda 21, tseren ranar yana ƙarewa a garin masu wasan ƙanƙara, kuma ba wanda ke ce masa col. In muka ce wa duka biyu "hawa", hoton Alpe d'Huez da na Tourmalet sun zama abu guda, alhali mai kallo yana son ya san ko akwai gangara a bayan allon.

5/ Wani malamin makaranta daga Tibiri ya kawo "wuyan dutsi", yana cewa ai col a Faransanci wuya ne, shi ya sa wuyan riga ma col suke ce masa. Malam, Allah ya ƙara sani, asalin kalmar haka yake. Sai dai Bahaushe in ya ji wuyan dutsi, hankalinsa zai tafi can ƙasa da kai kaɗan, kamar wuyan tulu, wato gefen dutsi guda. Mu kuwa tsakanin biyu muke nema.

6/ A fadarmu wajen shayi wani ya ce "wushiryar dutsi". An yi dariya, ni ma na yi, kuma har ga Allah siffar ta fito. Ku riƙe ta don barkwanci. Ba na jin mai karanta labarin wasanni a rediyo zai iya cewa wane ya riga kowa isa wushirya bai fashe ba. "Sirdi" kuma, wanda shi ma siffarsa ta dace, keke ya riga ya ɗauke shi.

7/ Saura biyu masu ƙarfi: "mashigin dutsi" da "maƙetara".

Mashigi yana da gata, don kunne ya saba da shi. Gidajen rediyo kullum suna cewa mashigin Hormuz. Wata yayarmu da ta yi aure wajen Keita, ƙasar Adar inda duwatsu suke da gaske, ta ce ita mashigi za ta ce ba tare da wani tunani ba. Yaya, ban ƙi taki ba, ke kika zauna cikin duwatsu, mu rairayi muka sani. Abin da ya tsaya mini shi ne, mashigi shiga yake nufi. Yana kawo hoton matsattsen wuri a ƙasa, dutsi ya yi bango dama da hagu, kana kutsawa. Hotunan da muke magana a kansu akasin haka ne: sarari, iska, gajimare a ƙasanka, wani lokaci ƙanƙara a gefen hanya cikin watan Yuni.

8/ Ni maƙetara na zaɓa. Daga ƙetare take, kuma ƙirarta irin ta gida ce: inda ake karatu makaranta, inda ake rini marina, inda ake ƙira maƙera, inda ake ƙetarewa maƙetara. Jam'inta ya zo da kansa, maƙetaru, kamar makarantu. Ku gwada ta a baki: "Maƙetarar Tourmalet, mita 2,115." "Yau za su bi maƙetaru uku, ta ƙarshe Galibier, mita 2,642." "Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar ɗigo-ɗigo, ta gwanin hawa, a 2015 da makin da ya tara a kan hawa da maƙetaru." Babu wadda ta yi tuntuɓe a ciki. Tana ma aiki wajen Faransa: Tizi n'Tichka ta Maroko, tsakanin Marrakech da Ouarzazate, maƙetara ce, kuma tizi ɗin nan sunan abin ne a harshen mutanen duwatsun.

9/ An kawo ƙorafi biyu. Na farko, ana iya jin maƙetarar ruwa. Gaskiya ne, don haka a karon farko a ce maƙetarar dutsi, in zance ya yi nisa a yar da dutsin. Na biyu, wai ta yi kama da maƙetaci. Wannan kam duk wanda ya taɓa tuƙa keke kilomita 19 a hawa ba zai ga laifin kamar ba.

10/ Ga abin da zan riƙa rubutawa a ƙarƙashin hotuna daga yau: col maƙetara, sommet ƙololuwa, montée hawa, descente gangara. Mai mashigi ya ci gaba da mashiginsa, za mu gane shi.

11/ Wadda ta rage ita ce lacets, kwanonin nan da hanya ke naɗewa ta komo kanta, irin 48 da ke gefe guda na Stelvio a Italiya. "Kwana-kwana" ba za ta yiwu ba, a Najeriya masu kashe gobara sun riƙe ta. An ba ni "kwanar lauje", an ba ni "naɗin hanya". Direbobin da ke bin hanyar Keita da Buza, me kuke ce wa irin wannan kwanar in kuna gargaɗin yaron mota?