Zanen tashoshin jiragen ruwa na Turawan Ingila, wa ya sani?

Mai_Fenti_Jos:
Salam 'yan uwa, don Allah ina son sani, me ya sa masu zanen Ingila na farkon ƙarni na 20 suka dage sosai kan tashoshin jiragen ruwa da masunta? Mu nan Jos duwatsu muka saba gani amma wallahi zanen nan sun shiga raina, da wa zan fara?

Malam_Angwan_Rogo:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Ai ƙasar tsibiri ce, cinsu da kasuwancinsu da yawa ta ruwa ne. Da dama cikin masu zanen yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila suka tare, ƙauyen Newlyn da St Ives, saboda hasken wurin kuma rayuwa da araha. Ka nemi Stanhope Forbes, shi masuntan yake zanawa suna cikin aikinsu.

Yar_Terminus:
Ni dai Alfred Wallis ne nawa gaskiya. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, bai taɓa shiga makarantar zane ba, sai bayan matarsa ta rasu a 1922 ya fara saboda kaɗaici, a kan kwalaye yake yi da fentin jirgi, gidaje a karkace, jirgi ya fi tashar girma amma kana kallo ka san mutumin nan ya san teku. A 1928 masu zane Ben Nicholson da Christopher Wood suka gan shi a St Ives. Abin tausayi a gidan gajiyayyu ya rasu, 1942.

Mai_Fenti_Jos:
Allah sarki. Na yaƙi fa, akwai?

Malam_Angwan_Rogo:
Akwai mana, Edward Wadsworth, 1919, jirage a tashar Liverpool da aka yi musu fentin layi-layi don rikita jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ka duba a intanet.