Kiwon kajin nama a sake: wane iri ne zai jure bazarar Daura?

Sabon Makiyayi, Daura:
Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan gari wanda na kewaye da katanga, akwai bishiyoyin bedi a cikinsa, kuma ina da niyyar zuba kajin nama in bar su su riƙa kiwo a sake, domin tsadar abincin buhu ta hana ni tsare su a ɗaki. Abin da ke damuna shi ne bazara, tunda daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Shin burola za su iya, ko in nemi wani iri?

Hajiya Mai Kaji, Katsina:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka saki fararen burola a bazara. Kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafin jikinta, ita kuwa burola an samar da ita ne don ta tara nama cikin mako 6 zuwa 8, saboda haka nauyinta kan fi ƙarfin ƙafafunta da zuciyarta. Da rana ta take za ka gan ta kwance, baki buɗe, fukafukai a sake, ba ta ko iya tashi zuwa wurin ruwa, kuma manyan ne ke fara mutuwa. Ka nemi Noila, wadda kamfanin Amo na jihar Oyo ya fito da ita. Tana tono, tana cin ƙwari da ganye kamar kazar Hausa, sai dai za ka jira wata 3 zuwa 4 kafin ta kai sayarwa.

Malamin Dabbobi:
Hajiya ta yi gaskiya, amma, Malam, ko Noila ba a sakinta tun tana 'yar tsako. Sai ta yi kamar mako 4 a ɗaki, ta samu rigakafin cutar Gumboro da na cutar Niyukasul. Wannan ta biyun ita ce ke share kaji da hunturu, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato tana yin rigakafinta.

Batun ciyarwa ne mutane suka fi sakaci da shi. Narkar da abinci yana ƙara wa kaza zafin jiki, don haka a ba su da asuba, a ɗauke kafin hantsi ya yi ƙarfi, sai bayan la'asar a mayar. Ruwa kuwa kada ya yanke ko kaɗan. A ajiye shi a randa ƙarƙashin inuwa, a riƙa sauya na mazubi, domin kaza ba ta son ruwan da ya ɗumama. Kada kuma ka ɗauka tono kaɗai zai ƙosar da su, musamman da rani da ƙasa ta bushe. Dole ka haɗa da dusa, masara ko dawa, da waken soya ko ƙuliƙuli.

Dattijo daga Mai'aduwa:
Yaro, ka yi musu rumfar zana ko ta karan dawa, ban da kwano, gama kwano gasa su zai yi. Rumfar za ta kuma kare su daga shaho da shirwa, da dare kuwa ka rufe su a akurki mai iska saboda muzuru. In da ni ne, sai in sayo 'yan tsakin da damina ta kankama, lokacin da ciyawa da gara suka wadata.

Sabon Makiyayi, Daura:
Allah ya saka da alheri. Zan jira damina in fara da Noila kaɗan. Malam, a wane mako ake maimaita rigakafin Niyukasul ɗin?