Ƙarar injin katako ta fara taɓa mini kunne, me ya kamata in yi?

Kafinta a Panteka:
Assalamu alaikum. Shekara 14 ke nan ina aikin kafinta a Panteka, kuma tun da na sayi injin fere katako na haɗa shi da injin zarto a rumfa ɗaya, idan na koma gida da dare nakan ji wani kuka a cikin kunnena wanda ba ya dainawa sai gari ya waye. Iyalina ma sun fara cewa ina ƙure muryar rediyo. Ina da yara huɗu da ke koyon aiki a hannuna, amanar iyayensu ce, ba na so su gaji wannan matsala. An ba ni shawarar toshe kunne, amma ina tsoron kada in kasa jin sauyin kukan injin ko ihun yaro idan wani abu ya faru.

Ma'aikaciyar lafiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kukan da kake ji alama ce cewa ƙarar ta riga ta fara yi maka illa. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel, kuma ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin desibel 85. Duk lokacin da ƙarar ta ƙaru da desibel 3, sai lokacin ya ragu da rabi, wato awa 4 a 88, awa 2 a 91, har ya dawo minti 15 kacal a 100. Injin fere katako yakan kai desibel 100 ko fiye. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to kun wuce iyaka. Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan suka mutu. Auduga ba ta tare komai na kirki, ka nemi abin toshe kunne na soso ko mai rufe kunne gaba ɗaya. Ba ya hana ji, rage ƙarfin ƙarar yake yi, kuma za ka ji ihun yaro. Ka je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna a gwada jinka.

Tsohon mai gyaran inji:
Ɗana, ka bi maganar malama, amma ka duba injin kansa, domin sau da yawa ƙarar da ta wuce kima ciwo ne injin yake faɗa maka. Zarton da haƙoransa suka dakushe ya fi kuka, ya fi cin wuta, kuma shi ne yake cije katako ya wurgo shi baya. Boris ɗin da ya bushe babu giris da bel ɗin da ya saki duk suna ƙara hayaniya. Ka ɗaure injin da ƙasa, ka sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa, ka fitar da janareta waje, domin kwanon rufi yana mayar da amo.

Akwai abin da na gani da idona a wani shago, wanda har yau bai bar raina ba. An ɗauke wuta, ba a kashe makunni ba, yaro ya sa hannu yana share garin katako daga bakin zarto, sai aka dawo da wuta. Ya rasa yatsu biyu. Da zarar wuta ta ɗauke a kashe kowane inji, kuma kada a canja zarto sai an zare waya daga soket. Kada wani ya tsaya daidai bayan zarto, a tura ƙarshen katako da sanda, a naɗe hannun riga, a cire safar hannu.

Kafinta a Panteka:
Na gode, Baba, na gode, Malama. Ƙarfen da ke bayan zarton, mai hana katako matsewa, ni da kaina na cire shi bara saboda ina ganin yana rage mini sauri. Gobe da safe zan mayar da shi kafin yaran su iso.