Neman shawara: ɗalibaina sun ce "ai kowa na sha", me zan gaya musu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar sakandare ce, ni aka ɗora wa kula da tarbiyyar ɗalibai. Taba da shisha da sigarin lantarki sun fara shigo mana. Mun yi nasiha a taron safe, mun kira iyaye, mun liƙa hotunan huhun da hayaƙi ya cinye. Shugabanmu ma ya sha tsayawa gaban yara yana cewa matasan yanzu duk hayaƙi ya gama da su. Shiru kake ji.

Kwanan nan na samu karan sigari a jakar wani yaro ɗan shekara 14, yaro mai natsuwa, wanda ko kallon ido ba ya iya yi da malami. Bai musa ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Malama, ai kowa na sha, ni kaɗai zan zama bare?" Ni na san ba kowa ba ne, amma shi har zuciyarsa ya yarda. Don Allah ta ina zan ɓullo wa wannan?

Ma'aikacin wayar da kai kan lafiya:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Yaron nan ya nuna miki bakin zaren. A 1986 wasu masu bincike biyu a Amurka, Wesley Perkins da Alan Berkowitz, sun gano cewa ɗaliban kwalejin da su biyun ke aiki a cikinta a jihar New York suna zaton abokansu sun fi yarda da shan giya fiye da yadda abin yake. Daga baya an ga irin wannan kuskuren zato a kan taba da ƙwaya. Dalilin a fili yake. Yara uku da ke busa hayaƙi a bayan aji kowa ya gan su, gobe su ne labari. Sauran da suka tattara littattafai suka tafi gida babu mai ba da labarinsu. Sai yaro ya auna kansa da abin da ido ya gani, ya ɗauka shi ne aka bari a baya.

Ki raba takarda, kada kowa ya sa suna, tambaya biyu kacal: ka sha taba a wata ɗaya da ya wuce? A ganinka, cikin 'yan ajinku goma, nawa ne suka sha? Ki ƙirga, ki nuna musu tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu. A jihar Montana ta Amurka an yi irin haka daga 2000 zuwa 2001, aka yi ta yaɗa wa matasa cewa kashi 70 cikin 100 nasu ba sa taɓa taba. A yankunan da saƙon ya shiga, kashi 10 ne suka fara sha a lokacin, a sauran yankunan kuwa kashi 17.

Malamin jami'a:
Malama, ki samu shugabanku a keɓe, cikin ladabi, ki roƙe shi ya daina cewa "duk sun lalace". Niyyarsa mai kyau ce, amma abin da kunnen yaro ke ɗauka shi ne kowa na yi. Robert Cialdini, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gwada wannan a gandun Petrified Forest na jihar Arizona, inda masu yawon buɗe ido ke tsintar itacen da ya zama dutse suna tafiya da shi. Allon da ke kukan cewa baƙi da yawa sun kwashe itacen ya jawo sata fiye da allon da kawai ya ce don Allah kada a ɗauka. Kuka da yawan masu laifi talla ce ga laifin.

Wata uwa:
To Malam, ni tambayata ɗaya. Idan aka ƙirga aka tarar masu shan ne suka fi yawa fa? Sai a ɓoye, ko a rage adadin? Ni ina da samari a gida, na san ba a yi musu wayo.

Malamin jami'a:
Hajiya, ko kusa kada a taɓa adadin. Ranar da suka gano an ƙara gishiri, an rasa su ke nan har a maganar gaskiya. Da wuya dai a samu masu sha sun fi yawa a wannan shekarun. In ma an samu, akwai wata gaskiyar da za a nemo: nawa ne ke son dainawa, nawa ne ba za su so ƙanensu ya fara ba. Abin da mutane ke yi daban, abin da suke ganin ya dace daban, kuma na biyun ma yana jan mutum. A wani bincike na 2007 a Kalifoniya, gidajen da aka gaya wa cewa sun fi maƙwabta tattalin wutar lantarki sai suka ƙara ƙona ta. Da aka haɗa musu da 'yar alamar murmushi ta yabo, suka tsaya a kan tattalinsu. Don haka Malama, idan za ki faɗi adadi, ki haɗa da nuna cewa kina alfahari da su.

Ma'aikaciyar jinya:
Ni dai ina jan kunne kada a ɗora wa dabarar nan kayan da ya fi ƙarfinta. A 2015 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara bincike 70 a kan shan giyar ɗaliban manyan makarantu, ta ce tasirin irin wannan saƙo ƙarami ne ƙwarai. Kuma wanda nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, ya riga ya kama, ƙididdiga ba za ta sake shi ba, asibiti da mai ba da shawara yake bukata. Ku dubi ƙasar Aislan: masu shan taba kullum cikin 'yan shekara 15 zuwa 16 sun sauko daga kashi 23 a 1998 zuwa kashi 3 a 2016. Ba da allo kaɗai aka yi ba. An buɗe musu wasanni da kiɗa bayan tashi daga makaranta, an sa doka kan yawon dare, an sa iyaye su ƙara zama da 'ya'yansu.

Ɗalibin shekarar ƙarshe:
Malama, ku gafarce ni in sa baki cikin manya. Ko gaskiya ce, idan daga bakin malami ta fito, sai a ce ai dole ya faɗi haka. A kowane aji akwai mutum biyu ko uku da idan suka yamutsa fuska a kan abu, ya mutu. Yawanci ba su ne masu zuwa na ɗaya ba, ba kuma su ne malamai suka naɗa shugabanni ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to su ne maɗaukanmu. Ku nemo su.

Ma'aikacin wayar da kai kan lafiya:
Ƙanena ya faɗi daidai, kuma an gwada. Shirin ASSIST a makarantu 59 na Ingila da Wales ya bar 'yan shekara 12 zuwa 13 su zaɓi waɗanda suke jin maganarsu, aka horar da su kwana biyu, aka sake su su yi ta hira da abokai a kan illar taba a lokacin hutu da hanyar gida. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2008 ya nuna shan taba ya ragu idan aka kwatanta da makarantun da ba a yi ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da takardar tambayoyin, in ƙara ta uku: wa kake jin maganarsa a ajinku? Zan sa yara su ƙirga da hannunsu a gabana don kada a ce mun gyara. Yaron kuma zan haɗa shi da ma'aikaciyar lafiyarmu, in ga ko abin ya riga ya kama shi. Saura abu ɗaya da ke min nauyi: idan sunan da ya fi fitowa na ɗaya daga cikin masu busa hayaƙin ne, in sa shi cikin waɗanda za a horar, ko in tsallake shi?